Ciwon Hanta Nau'in B: Yadda Bairus Ɗin Yake Kwafar Kansa, da Dalilin da Ya Sa Ba a Yanke Magani

Masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ake rubutawa hepatitis B a takardun asibiti, sukan zo wa likita da tambayoyi kusan iri ɗaya. Me ya sa zan yi shekaru ina shan magani alhali ba na jin ciwon komai? Gwaji ya nuna ba a ga bairus a jinina ba, to me ya sa har yanzu HBsAg yake fitowa? An ce ba ni da HBeAg, wani ya ce min alamar sauƙi ce, amma likita ya ce sai na fara magani. Amsar duk waɗannan tana cikin yadda bairus ɗin yake hayayyafa a cikin hanta, musamman wasu 'yan gajerun alamomi da ke cikin DNA ɗinsa, waɗanda suke nuna inda za a fara kwafi, inda za a tsaya, da inda za a tsallaka. Bayanin yana da ɗan zurfi, amma wanda ya bi shi a hankali zai gane abin da takardar gwajinsa take faɗa.

Ba ƙaramar cuta ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da ita, kuma ta kashe kimanin miliyan 1.1 a wannan shekarar, akasari ta hanyar ƙandarewar hanta da kansar hanta. A Najeriya, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna da ita. Yawancinsu ba su sani ba.

Abin da yake cikin bairus ɗin

DNA shi ne rubutun gado da halitta take ɗauke da shi. Da haruffa huɗu kawai ake yinsa: A, C, G da T. Yakan zo zare biyu manne da juna, kuma ƙa'idarsa ita ce A tana fuskantar T, C tana fuskantar G. Don haka idan ana da zare ɗaya, za a iya rubuta abokinsa harafi bayan harafi. Duk wani kwafi a jikin mai rai a kan wannan ƙa'ida ya tsaya. Rubutun ɗan Adam ya kai haruffa kimanin biliyan 3. Na wannan bairus bai wuce kimanin 3,200 ba, kuma tun 1979 masu bincike a Faransa suka karance shi baki ɗaya.

Faɗin bairus ɗin nanomita 42 ne, sai da madubin lantarki ake ganinsa. David Dane da abokan aikinsa a Landan ne suka bayyana shi a 1970. Yana da riga a waje, ita ce HBsAg ɗin da ake gwadawa a jini. Baruch Blumberg a Amurka ne ya ba da rahoton gano ta a 1965, a jinin wani ɗan asalin Ostareliya, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1976. A ƙarƙashin rigar akwai ƙoƙo, a cikin ƙoƙon kuma akwai DNA mai siffar zobe, zare ɗaya cikakke, ɗayan bai kai ƙarshe ba. Maƙale da shi akwai wani furotin mai suna folimares. Aikinsa kwafi, don haka nan gaba za mu riƙa kiransa mai-kwafi.

Da yake rubutun gajere ne, babu harafin da yake zaman banza. Uku-uku ake karanta haruffan DNA, saboda haka idan aka fara karatun daga wani harafi daban, layi ɗaya sai ya ba da wani saƙo daban. Da wannan dabara bairus ɗin ya cusa saƙonni huɗu a kan juna, ana kiransu S, C, P da X, waɗanda suke samar da furotin bakwai. A cikin waɗannan haruffan dai kuma alamomin umarni suke: makunnai huɗu da suke tayar da karatu, wurare biyu masu ƙara wa makunnan ƙarfi, alamar tsayawa guda ɗaya, wata alama mai suna efsilon, da tagwayen alamomi DR1 da DR2. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: sauya harafi ɗaya tak yana iya taɓa abu biyu ko uku a lokaci guda.

Rufaffen zobe

Jikin hanta ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta biliyoyi, kowace da cibiyarta inda take ajiye DNA ɗinta. Bairus ɗin yana shiga ƙwayar hanta ta wata ƙofa mai suna NTCP, wadda ainihin aikinta shigar da sinadaran ɗaci na maɗaciya. A 2012 aka gano wannan a birnin Beijing, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa cutar ta keɓanta da hanta.

Da shigarsa sai ya tuɓe rigar, ƙoƙon ya kai DNA ɗin cikin cibiya. A nan ƙwayar hantar take yin kuskure mai tsada. Tana da kayan gyaran DNA na kanta, sai ta ga zobe mai giɓi ta ɗauka nata ne ya lalace, ta cike giɓin, ta ɗinke bakin, ta naɗe shi da irin furotin ɗin da take naɗe nata. Abin da ya fito shi ake rubutawa cccDNA, wato rufaffen zobe. Shi ne littafin asali da za a riƙa kwafa daga gare shi. Ba su da yawa a kowace ƙwaya, amma suna da ƙarko, kuma ƙwayoyin hanta suna daɗewa kafin su mutu a maye gurbinsu.

Makunnan nan huɗu da ke jikin zoben suna aiki sosai ne da wasu furotin da suka fi yawa a hanta. Ƙwayar kuma tana da masu gadi da za su iya rufe bakin baƙon DNA, sai dai furotin X na bairus ɗin yana sa a lalata su, kamar yadda wani bincike ya nuna a 2016. Daga nan ƙwayar hantar ta zama ma'aikatar bairus: tana karanta zoben tana fitar da kwafi na wucin gadi, wanda ake kira RNA, wasu don a yi riga, wasu don ƙoƙo da mai-kwafi.

Efsilon da tagwayen alamomi

Mutum zai zaci bairus mai DNA zai kwafi DNA ɗinsa kai tsaye. Wannan ba haka yake yi ba. A 1982 Jesse Summers da William Mason suka gano, a wani ɗan'uwansa da yake kama agwagwa, cewa sai ya bi ta RNA tukuna sannan ya juya shi ya koma DNA. Irin hanyar da HIV yake bi ke nan, shi ya sa wasu magungunan suke aiki a kan cututtukan biyu.

A cikin RNA ɗin da ake fitarwa akwai wani dogo mai haruffa kimanin 3,500, wato ya fi zoben kansa tsawo. Dalili shi ne mai karatun yana zagaye zoben gaba ɗaya, ya wuce inda ya fara da kaɗan, sannan ya tsaya. Saboda haka abin da yake farkon RNA ɗin ya sake bayyana a ƙarshensa, har da DR1.

Kusa da farkon akwai haruffa kimanin 60 da suke lanƙwashewa su manne da junansu, su yi siffar maɗauki mai ɗan kumburi a gefe. Shi ne efsilon. Aiki biyu yake yi. Na farko, shi ne shaidar da mai-kwafi yake gane nasa RNA da ita a cikin dubban RNA na ƙwayar hanta. Da ya kama shi sai furotin ɗin ƙoƙo su taru su rufe su a ciki. RNA ɗin da ba shi da efsilon a wurin da ya dace ba ya shiga ƙoƙo. Na biyu, daga ɗan kumburin nan ake fara rubutu. Mai-kwafi yana ɗaura harafin farko a jikinsa, ya kwafi haruffa uku ko huɗu, sai ya tsaya.

Daga nan tsalle uku ne. A na farko, mai-kwafi yana ɗaukar 'yan haruffan da ya rubuta ya koma can ƙarshen RNA ɗin, inda DR1 yake da haruffan da suka dace da su, ya zauna, ya rubuta zaren DNA na farko har ƙarshe. Yana rubutawa yana cinye RNA ɗin da ya gama kwafa, sai ɗan guntu mai haruffa kimanin 18 da yake bari, wanda yake ɗauke da DR1. A tsalle na biyu, wannan guntun yana tashi ya sauka a kan DR2. Abin yana yiwuwa ne domin DR1 da DR2 haruffa 11 ne iri ɗaya sak, shi ya sa muka ce musu tagwaye. Daga nan zare na biyu yake farawa. Ba ya nisa sai ya iske bakin zaren farko, sai ya yi tsalle na uku zuwa ɗaya bakin, da haka layin ya lanƙwashe ya zama zobe. Sau da yawa kafin a gama zare na biyu an riga an sa wa ƙoƙon riga an fitar da shi, wannan ne ya sa bairus ɗin yake yawo da zare ɗaya da bai cika ba.

Ba duk ƙoƙon ne yake fita ba. Wasu suna komawa cibiya su ƙara yawan rufaffen zobe. Waɗanda suka fita kuwa suna da yawan gaske: a jikin wanda cutar take aiki sosai ana iya yin sababbi kimanin biliyan 100 a rana. Ga shi mai-kwafi ba ya komawa ya duba kuskurensa. Yawa da rashin dubawa idan suka haɗu, kullum ana haifar bairus masu ɗan bambancin harafi. Akasarinsu ba sa kai labari, tunda haruffan a cushe suke, amma wanda ya dace da yanayi yakan mamaye sauran.

Inda magani yake taɓawa, da inda ba ya kaiwa

Magungunan da ake amfani da su yanzu, tenofovir da entecavir, sun yi kama da haruffan DNA. Mai-kwafi yana ɗaukar na jabun ya saka a layi, daga nan rubutun ya tsaya. Entecavir ya samu amincewa a 2005, tenofovir kuma an amince da shi don wannan cuta a 2008, sabon samfurinsa mai sauƙi ga ƙoda da ƙashi ya biyo baya a 2016. Ƙwaya ɗaya ake sha a rana. A mafi yawan masu sha, cikin watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu adadin bairus a jini yana sauka har na'ura ta kasa ganinsa, kumburin hanta ya kwanta, tabon da ya fara ma yana iya raguwa, haɗarin kansa kuma ya yi ƙasa.

Amma a lura da inda maganin yake aiki: a cikin ƙoƙo, wajen juya RNA zuwa DNA. Rufaffen zoben yana can cikin cibiya, maganin bai taɓa shi ba. Yana ci gaba da fitar da RNA, ana ci gaba da yin riga. Shi ya sa mutum zai ga ba a gano DNA ɗin bairus a jininsa ba, amma HBsAg yana nan. Ba gazawar magani ba ce, haka ake tsammani. Waɗanda HBsAg yake ɓace musu a kan waɗannan magunguna ba su wuce kimanin 1 cikin 100 a shekara ba.

A kwatanta da ciwon hanta nau'in C. Shi ba ya ajiye komai a cibiyar ƙwaya, dole sai ya yi ta kwafar kansa kafin ya ɗore. Idan aka tsayar da kwafin na mako 12, fiye da kashi 95 cikin 100 suna warkewa sarai. Nau'in B yana da ajiya.

Wannan ajiyar ce take sa yanke magani ya zama haɗari. Da an daina sha, mai-kwafi ya koma aiki, cikin makonni ko 'yan watanni bairus ya sake cika jini. Garkuwar jiki sai ta taso wa ƙwayoyin hantar da suka kamu a lokaci guda. A sani cewa yawancin ɓarnar wannan cuta ba bairus ɗin ne yake yinta da kansa ba, faɗan da garkuwar jiki take yi da shi ne. Irin wannan tasowar tana iya zuwa da shawara, kumburin ciki da gushewar hankali, kuma ga wanda hantarsa ta riga ta ƙandare tana iya zama ajali. Akwai wasu ƙalilan da ƙwararren likita zai iya dakatar musu da magani bayan shekaru, yana bibiyar jininsu akai-akai, amma mai ƙandararriyar hanta ba ya cikinsu. Idan kuɗin magani ne ya gagara, a gaya wa likita tun kafin wanda ake da shi ya ƙare. A ganina, sha-yau-bari-gobe ya fi kowane kuskure yawa a wannan cuta, kuma rashin kuɗi ya fi rashin sani jawo shi.

Masu ɗauke da HIV tare da wannan cuta su ƙara kula. Haɗin maganin HIV da aka fi bayarwa yanzu yana ɗauke da tenofovir da lamivudine, waɗanda suke danne ciwon hantar ma. Duk wanda zai canza musu magani ya kamata ya san suna da cututtukan biyu.

Lamivudine shi kaɗai, wanda aka fara amfani da shi a 1998, yanzu ba a son a ba da shi. A tsakiyar mai-kwafi akwai wani wuri da ake kira YMDD. Idan M ɗin ya sauya, maganin ba ya kamawa. Kimanin mutum 1 cikin 5 ne bairus ɗinsu yake bijirewa a shekarar farko, bayan shekara 5 kuma kusan 70 cikin 100. Abin bai tsaya nan ba: wanda bairus ɗinsa ya bijire wa lamivudine, kusan rabi sukan bijire wa entecavir ma cikin shekara 5, alhali ga wanda bai taɓa sha ba abin bai wuce kimanin 1 cikin 100 ba. Don haka duk wanda ya taɓa shan lamivudine, ko da a kemis ya saya, ya faɗa wa likita, domin tenofovir ne ya fi dacewa da shi. Mai shan tenofovir ana duba masa ƙoda lokaci-lokaci. Entecavir kuma ana shan sa ne ciki babu abinci, awa biyu bayan ci, awa biyu kafin na gaba.

Rashin HBeAg ba kullum yake nufin sauƙi ba

HBeAg wani furotin ne da ƙwayar da ta kamu take zubawa cikin jini. Bairus ba ya buƙatarsa wajen kwafar kansa. Amfaninsa shi ne lallashin garkuwar jiki, musamman ta jarirai. Idan yana nan, yawanci bairus ɗin yana da yawa ƙwarai. Da shekaru suka ja, garkuwar jiki takan yi galaba, HBeAg ya ɓace, bairus ya ragu, cutar ta kwanta. A Afirka wannan yakan faru da wuri, shi ya sa mafi yawan manya masu cutar a nan ba su da HBeAg. Ga da yawa daga cikinsu labari ne mai daɗi.

Amma ba ga kowa ba. A 1989 aka bayyana wani sauyi a harafi na 1896, inda G take komawa A. Wannan ya mayar da TGG ya zama TAG, wanda ma'anarsa “tsaya”. Daga nan ba a ƙara yin HBeAg, amma kwafi yana ci gaba yadda yake. To wannan harafi a cikin efsilon yake, kuma idan maɗaukin ya lanƙwashe yana fuskantar harafi na 1858. A jinsin bairus da ake kira A, C ce a wannan gurbi, don haka sauyin yana kwance maɗaukin, bairus ɗin ya raunana, shi ya sa ba a cika ganinsa a can ba. A jinsunan D da E kuwa T ce a wurin, sauyin sai ma ya ƙara wa maɗaukin ƙarfi. Jinsin E shi ne ya fi yawa a Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Nijar. Akwai kuma wasu sauye-sauye biyu a makunnin da yake tayar da wannan saƙo, a haruffa na 1762 da 1764, waɗanda suke rage HBeAg, kuma an danganta su da ƙarin haɗarin kansar hanta.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, takardar da ta nuna babu HBeAg ba ta isa a ce cuta ta kwanta ba. Sai an auna adadin DNA ɗin bairus a jini, an kuma auna ALT, sinadarin da yake hawa idan hanta tana kumburi. Kuma ba sau ɗaya ba, domin a irin wannan yanayi ALT yana hawa yana sauka. Gwaji ɗaya yana iya faɗawa ranar da ya sauka.

A ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024, ana ba da magani idan DNA ya haura 2,000 IU a kowace mililita kuma ALT ya wuce iyaka. Iyakar ita ce 30 ga maza, 19 ga mata, ko da yake ɗakunan gwaji da yawa suna rubuta 40 ko fiye. Ana kuma ba da shi, komai adadin bairus, ga wanda hantarsa ta yi tabo sosai, wanda yake da HIV ko ciwon hanta nau'in C ko D, wanda aka yi kansar hanta ko ƙandarewarta a danginsa, da wanda garkuwar jikinsa ta raunana. Inda babu na'urar auna tabo, akwai lissafin APRI da ake yi daga gwajin AST da adadin ƙwayoyin daskarar da jini. Ba shi da tsada, kuma idan ya haura 0.5 alama ce ta tabon da ya kai a yi magani.

Kwafin da ya kauce hanya

Mu koma tsalle na biyu. Kimanin sau 1 cikin 10, guntun nan ba ya tashi zuwa DR2, sai ya fara rubutu a inda yake. Abin da yake fitowa ba zobe ba ne, miƙaƙƙen layi ne mai baki biyu a buɗe. Idan irin wannan ya shiga cibiya, ƙwayar hanta tana iya ɗinke shi a cikin DNA ɗin mutum, a duk inda ta samu tsaga. Wannan yana farawa tun farkon kamuwa.

Guntun da aka ɗinke ba ya iya haifar sabon bairus, amma yana iya ci gaba da yin riga. Wannan shi ne dalili na biyu da ya sa HBsAg yake da wuyar ɓacewa, musamman ga waɗanda ba su da HBeAg. Abin da ya fi damuwa shi ne, yana tafe da makunnansa da masu ƙara musu ƙarfi. Idan ya sauka kusa da wani sashe da yake kula da rabuwar ƙwayoyin halitta, yana iya kunna shi ya bar shi a kunne. A mafi yawan kansar hanta da wannan cuta ta jawo ana samun irin wannan ɗinki. Shi ya sa nau'in B yake iya kawo kansa ko da hanta ba ta ƙandare ba, kuma a Afirka ana ganinta har ga masu shekara 30 da 'yan kai.

Magani yana rage wannan haɗari amma ba ya share shi. Wanda likita ya sa a jerin masu bibiya ya riƙa yin hoton hanta duk wata shida, sau da yawa tare da gwajin jini na AFP, ko da adadin bairus ɗinsa ya sauka. Kansar hanta ba ta ciwo sai ta girma, kuma wadda aka gano tana ƙarama ita ce ake iya cirewa. Giya tana ƙara haɗarin. Haka ma dafin aflatoksin da yake fitowa daga funfunar gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi. Haɗuwarsa da wannan bairus ta fi kowanne shi kaɗai muni nesa ba kusa ba. A busar da amfanin gona sosai, wanda ya yi funfuna a zubar.

Waɗanda suka warke

Babban mutum mai lafiya idan ya kamu, fiye da 95 cikin 100 garkuwar jikinsu tana kawar da cutar cikin wata shida ba tare da wani magani ba. A nan ne masu tallar maganin shawara suke samun shaida: mutum ya sha jiƙo, idonsa ya washe, gwaji ya nuna babu, alhali da bai sha komai ba ma haka za ta kasance. Ga mai daɗaɗɗiyar cuta kuwa, babu wani jiƙo ko sassaƙe da aka tabbatar yana cire rufaffen zobe, wasunsu ma suna ƙara wa hanta rauni.

Ko wanda ya warke, sau da yawa akwai 'yan zobba da suka rage a hantarsa, garkuwar jiki ta danne su. Gwajin anti-HBc ne yake nuna an taɓa kamuwa. Muddin garkuwa tana da ƙarfi ba abin damuwa. Amma idan za a yi masa maganin kansa, dashen ƙoda, allurar rituximab, ko zai daɗe yana shan prednisolone ko dexamethasone, zoben yana iya farkawa. A yi gwaji kafin a fara, domin ana iya ba da maganin kariya. Wasu daga cikin magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe suna ɗauke da dexamethasone, kuma mai wannan cuta ya nisance su.

Abin da ya shafi iyali

Tunda zoben idan ya kafu yana da wuyar cirewa, hanya mafi sauƙi ita ce a hana shi kafuwa. Allurar rigakafi rigar bairus ce zalla, babu DNA a cikinta, don haka ba ta iya sa cuta. Tana koya wa jiki ya tare bairus tun bai kai ƙofar hanta ba.

Shekarun kamuwa ne suke yanke hukunci. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kimanin 9 cikin 10 cutar takan zauna musu har girma. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 5, kusan 3 cikin 10. Najeriya ta saka wannan allura a jerin rigakafin yara a 2004. Ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran a mako na 6, na 10 da na 14. Idan a gida aka haihu, kada a jira suna, a kai jariri asibiti a ranar. Kowace mai ciki ta yi gwajin HBsAg. Idan tana da HBeAg, ko DNA ɗinta ya kai 200,000 IU, ana ba ta tenofovir a lokacin cikin don a rage abin da zai kai ga jariri. Shayarwa ba ta da matsala idan an yi wa jariri allurarsa.

Miji ko mata, 'ya'ya, iyaye da 'yan'uwan da aka tashi gida ɗaya duk su yi gwaji. Wanda ba shi da cutar ya karɓi allura uku: yau, bayan wata ɗaya, da bayan wata shida. Idan gwajin kafin aure ya nuna ɗaya yana da ita, wannan ba dalilin fasa aure ba ne. A yi wa ɗayan rigakafi, shi kuma mai cutar ya ga likita. Ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya, musabaha, gumi ko tari, saboda haka ware wa mutum kofi da cokali ba ya kare kowa. Ta jini da saduwa take yaɗuwa, kuma bairus ɗin yana iya kwana bakwai ko fiye a busasshen jini yana da rai. Kowa ya riƙe rezarsa, buroshinsa da abin yankan farcensa, kuma wajen aski, kaciya, ƙaho, tsaga ko hujin kunne a tabbatar sabon ƙarfe ne ko wanda aka tsabtace yadda ya kamata.